Ruwan Teku a Firizar Hajiya

Ranar da na fita takaba ban jira an gama rabon waina ba na ɗauki makullin mota. Ƙanwata ta biyo ni har bakin get tana cewa, "Anti Ramla, mutane za su yi magana fa, ko lallen ƙafarki bai gama bushewa ba." Na ce su yi, dama me suka fasa. Watannin nan duk a zaune na yi su ina sauraron maganar mutane, yau kuma ina da wurin zuwa. Na jefa kula mai ƙanƙara a bayan mota na kama hanyar Ƙofar Sauri, gidan surukata, don in ɗauko kayan mijina daga cikin firizarta.

Mijina Muttaka, Allah ya ji ƙansa, sashe ɗaya muke koyarwa a jami'a, sashen nazarin ƙananan halittu. Ni ina kan cututtukan da ke cikin ruwan rijiya, abin da kowa zai gane amfaninsa. Shi kuwa teku ya ɗauka. Bakatsine, haifaffen cikin ganuwa, wanda babban ruwan da ya sani yana yaro bai wuce kududdufin bayan gidansu ba, shi ne ya je Turai ya dawo da digirin teku. Kawunsa Ado bai taɓa barin shi ya huta ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga Sarkin Ruwan Ƙofar Sauri nan, Dakta yaya kifayen?" Mutane su kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ni ce ba na yi. Sau nawa na ce mashi ya bar ni da tsohon nan in ba shi amsa, sai ya ce in rufa mashi asiri.

Ba kifi yake nazari ba. A cikin cokali ɗaya na ruwan teku akwai wasu tsirrai 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, kuma akwai ƙwayoyin bairos da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, masu shiga cikinsu su hayayyafa su fasa su. Wannan kowa a fagen ya sani. Abin da Muttaka ya kafe a kai shi ne, a ruwan gaɓar tekunmu mai ɗumi akwai bairos ɗin da yake shiga ya yi lamo, ya zauna cikin tsiron bai kashe shi ba, har sai abinci ya yi ƙaranci. Malaman da suka koyar da shi suka ce magana ce mai daɗi, amma ya kawo hoto. Shekara da shekaru ke nan abin da yake nema, hoto.

Da ƙyar ya sami gurbi a wani jirgin bincike da ya tashi daga Legas. Ya yi makonni a kan ruwa yana amai, ya dawo wuyansa kamar na zakara. A jirgin yana tace ruwan ta wata 'yar matata mai laushi, tsirran su maƙale a kai. Da suka sauka ya yanka matatun ƙanana-ƙanana ya rina su da rini iri biyu da aka aiko mashi daga waje, ya ƙarar da rinin bai rage ko ɗigo ba. Kore yana kama tsiron, ja kuma ba ya kama komai sai bairos ɗin. Ya ɗora kowane yanki a kan gilashi mai tsawon ɗan yatsa, ya rufe, ya liƙe gefen da man farce. Idan aka sa gilashin a ƙarƙashin maikiroskop, wato madubin ƙara girma, mai fitila ta musamman, a ɗaki mai duhu, rinin sai ya kama haske da kansa. In ka ga jan ɗigo a cikin koren da bai fashe ba, to Muttaka ya yi gaskiya.

Sai dai rinin nan ba ya son zafi, haske kuwa shi ne ajalinsa. Ko kallon da kake yi mashi a madubin, cin shi kake yi, yana koɗewa kana gani. Shi ya sa ake ajiye shi a daskare, a duhu, ba a fito da shi sai kyamara tana shirye.

Irin wannan madubin muna da guda ɗaya a sashenmu, kyauta aka ba mu. Ranar da ya dawo da gilasansa, ya kunna, ƙwan fitilar ya yi ƙara ya mutu. Ba ƙwan da za ka samu a kasuwa ba ne, sai an yi odarsa daga waje, takarda ta bi ofis-ofis. Firizar sashen kuma wutar gari take bi, yau akwai gobe babu. Wuri ɗaya ne a duk garin nan da ya amince da sanyinsa, firizar mahaifiyarsa, Hajiya Talatu, wadda shi da kansa ya haɗa mata da sola don sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Ya naɗe akwatunan gilasan da takardar alminiyom, ya sa a baƙar leda, ya tura can ƙasa ƙarƙashin ƙullin zoɓo.

Ina tsaye a wurin ranar. Abin da ya ce mata kawai, yana durƙushe yana kallon ƙasa, shi ne, "Hajiya, ga ajiya nan na sa." Ita kuma tana kallon bango ta ce, "To." Shi ke nan bayanin. Muttaka ɗan fari ne, Hajiya ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi, ba ta taɓa tambayarsa me yake yi a wurin aiki ba. In ya yi tafiya, ni take tambaya, "Baƙon naku ya sauka lafiya?" Wannan kunya tasu ta sha ba ni haushi. A mota na ce mashi, "Malam, ka gaya mata mana kada a buɗe." Ya ce wa zai buɗe, Hajiya ko allura ka ba ta ajiya za ka same ta inda ka bari.

Zazzaɓi ne ya kama shi, irin wanda muke shan magani mu tafi aji. Kafin mu farga ya taɓa ƙoda. Sati bai cika ba aka kai shi.

A zaman makoki ban ga hawayen Hajiya ba. Tana zaune da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, "Allah ya ji ƙan musulmi." Mata suna ta yaba mata, wai dattijuwar ƙwarai. Ni kuwa a raina na riƙe ta da wannan, ba zan ɓoye ba. Na ce wace irin uwa ce wannan.

Ina cikin takaba shugaban sashenmu ya kira ni a waya, bayan doguwar gaisuwa ya ce ƙwan fitila ya iso, har an ɗaura. Na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga baya na nemi tsohon malaminsa na Turai, ya ce in na ɗauki hotunan na aika, in abin da Muttaka ya faɗa yana ciki, za a buga binciken da sunansa a gaba. Tun daga ranar ba ni da wani tunani. Ba gida ya bari ba, ba fili ba, ba mu samu haihuwa ba. Abin da ya bari a duniya yana ƙarƙashin zoɓon Hajiya.

Na so in fita a lokacin, iyayena suka ce ba a gidansu ba. Sai na kira ƙanwarsa Saudatu, wadda ta zo daga Dutsin-ma tana taya Hajiya zama, na ce don Allah baƙar ledar nan ta cikin firiza kada kowa ya taɓa. Ta ce in sha Allahu. Hajiya kanta ban kira ba. Ta yaya zan buga wa surukata waya in kafa mata doka a kan firizarta, kuma in ambaci wanda ita ba ta ambata? Ashe ni ma kunyar da nake zagi tana jikina.

Na isa Ƙofar Sauri bayan azahar. Na yi sallama, na tarar da ita a tsakar gida tana ƙulla kunun aya. Ta rame, zanen ma ya yi mata yawa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, ta yi mani barka da fita, ta yi addu'a Allah ya sa haƙurin da na yi ya zama haske gare shi. Shi ɗin ma "gare shi" ta ce. Na amsa duka, idona yana kan firizar da ke rumfa.

Da na ga gaisuwar ta lafa na ce, "Hajiya, dama ajiyar nan ta cikin firiza na zo ɗauka."

Ta ce, "Ai na san za ki zo." Ta goge hannu ta miƙe. Amma ba rumfa ta nufa ba, ɗakinta ta shiga.

Ta fito da wata langa, cikin na jerenta waɗanda ba a cin abinci da su, an ɗaure ta da farin ƙyalle. Ta ajiye a gabana ta kwance. Gilasan ne a jere a kan auduga, sahu-sahu, tsirara, ba takarda ba leda, sai ƙyalli suke yi a cikin rana.

Ban san lokacin da na kifa tafin hannuna a kansu ba.

Ta zauna tana ba ni labari a hankali. Bayan sadakar arba'in Kawu Ado ya ce a tattara kayan mamaci kafin rabon gado. Aka wanke tufafi, aka fito da littattafai da takalma aka baza a rana, yadda ake yi. Saudatu ta riga ta koma ɗakinta a Dutsin-ma. Sai Hajiya ta tuna da ajiya. "Na jawo ledar na iske ƙanƙara ta cinye ta, zoɓo ya tsiyaya a kai. Na buɗe na ga duk sun yi raɓa, ruwa har cikin akwatin. Na ce subhanallahi, mutum ya ba ni ajiya ta lalace a hannuna, mi zan ce? Sai na bi su ɗai-ɗai na goge. Na shimfiɗa su bisa faifai nan inda rana ta fi bugawa. Kwana uku ina fiddo su ina maidawa, har sai da na tabbata sun bushe sarai."

Na buɗe baki. Wallahi maganganun suna nan a jere a kan harshena, kuma na san kaina, in na fara ba na tsayawa sai na ga ƙarshen mutum. Na taɓa sa shugaban tsangaya ya bar taro saboda bakina. Zan ce mata wa ya aike ki. Zan ce shekarunsa kika shanya a faifai kamar kuɓewa. Zan ce da kin taɓa tambayarsa sau ɗaya, sau ɗaya tak, me yake yi da rayuwarsa, da kin sani.

Sai ta ce, "Ban bar kowa ya taɓa ba. Nan na zauna ina korar kaji. Rubutun dai na kiyaye, ban goge ba." Ta kai ɗan yatsa kusa da gefen wani gilashi inda ya rubuta lamba da baƙin alƙalami, ba ta taɓa ba, ta janye. "Haka yake bakwai ɗinsa tun yana firamare, da sanda a tsakiya."

Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya."

Na mayar da ƙyallen na ɗaure, na sa langar cikin kula, na cire baƙin mayafina na lulluɓe. Aikin banza ne, na sani, amma hannuna ya saba. A raina ina cewa wataƙila wani abu ya rage, rini ba ya mutuwa duka lokaci ɗaya. Na yi mata sallama zan tashi sai ta ce, tana kallon ƙullin kunun aya, "In ba zan takura maki ba, ina son in ga abin da ke ciki."

Shekara tara ina auren ɗanta, ban taɓa jin ta nemi sanin wani abu nasa ba. Na rasa ta inda zan ce a'a. Ta shiga ta sako hijabi da takalmin zuwa unguwa, ta kulle ɗaki.

A mota sai da muka wuce GRA sannan ta ce garin ya canza. Asabar ce, sashen ba kowa sai mai gadi, kuma an yi sa'a akwai wuta. Da muka kai ƙofar ɗakin madubin ta tuɓe takalmanta ta ajiye a waje. Na ce ba sai ta cire ba. Ta ce a'a, wurin aikin mutane ne.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tagarsa ɗaya an rufe da baƙin labule mai kauri. Kujerarsa tana nan yadda ya bar ta, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Na ba ta, ban gaya mata ta wane ne ba. Na kunna madubin da kwamfuta, na jira fitilar ta yi zafi, sannan na kashe wutar ɗakin.

Ta ce, "A duhu ake yi?"

Hankalina yana kan gilashin da nake ɗorawa, na ce, "Eh, rinin ba ya son haske ko kaɗan."

Sai ta ciro carbinta. Ni kuwa ban ji abin da na faɗa ba sai daga baya.

Na sa ido, na buɗe fitila. Baƙi. Na murɗa sama, na murɗa ƙasa, na zagaye yankin matatar gaba ɗaya. Ga alamar tsirran nan kamar inuwa, amma ba kore ba ja. Na cire na sa wani. Haka. Na ɗauko daga sahun ƙarshe, na ɗauko daga tsakiya, na nemo waɗanda ya ja wa layi biyu saboda ya fi sa rai da su. Ranar Katsina ba ta bar komai ba. Ina jin numfashin Hajiya a bayana da ƙarar carbinta, ina jin zufa tana bin bayana, na ci gaba da sawa ina cirewa har langar ta koma auduga zalla. Na kifa goshina a kan teburin.

Can sai na ji motsin zane. Ta taɓa kafaɗata da wani abu, hankici ne a ƙulle.

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar akwai mai jin mu, "Wannan ban shanya shi ba. Tun ranar da na buɗe na ɗauke guda, na sa cikin adakata, ƙarƙashin kaya. Na san ba kyau, kayan gado ne. Kada ki faɗa ma Ado."

Na kwance hankicin a cikin duhu da lalube. Gilashi ɗaya, ta naɗe shi da guntun takardar alminiyom ɗin akwatin. Ya yi watanni a ɗaki mai zafi, amma rana ba ta gan shi ba. Na ɗora shi a madubin. Na rufe ido na ɗan lokaci don ya saba da duhu, na yi bisimilla, na buɗe fitilar.

Da farko ban ga komai ba. Sai kore ya fara fitowa, dishi-dishi, 'yan ƙwallaye a warwatse, lafiyayyu, ba wanda ya fashe. Na juya zuwa ja. Suna nan. Ɗigo ɗaya a cikin wannan, biyu a cikin wancan, a cikin na gefensa ma, kusan duk inda na duba. Suna zaune a ciki sun yi lamo, yadda ya faɗa, yadda ya sha zana mani a bayan takardar jarrabawa har na gaji na ce ya ƙyale ni in yi barci. Na ce, "Malam," a fili, ban san na faɗa ba. Ina kallo jan ya soma dushewa.

Na tura haske zuwa kyamara na danna. Allon kwamfuta ya fito baƙi, da 'yan tsaki-tsaki kamar talabijin da ba tasha. Hasken ya yi rauni, ido da ya saba da duhu yana iya kama shi, tsohuwar kyamararmu ba za ta iya ba. Na matsa zuwa sabon wuri a kan matatar, na ƙara wa kyamarar lokaci. Baƙi. Na koma da ido, wurin ya riga ya ƙone. Na sake matsawa, na ƙara lokaci, na ƙara ƙarfin fitila, abin da na sha hana ɗalibai yi. Ina zagin kyamarar, ina zagin wanda ya sayo ta, ina roƙon Allah, duk a haɗe. Yankin matatar bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na bi shi lungu-lungu, kowane wuri in gan su da idona, in juya, in danna, in samu baƙi. Da na kai gefen ƙarshe na dawo, babu sauran inda ban ƙone ba.

Sai a lokacin na tuna da wadda ta ba ni shi.

Ta ce, "In zo in duba?"

Na tashi na kama hannunta na zaunar da ita a gaban madubin. Na nuna mata inda za ta sa ido. Ta gyara hijabi, ta sunkuya, ta riƙe gefen teburin da hannu biyu. Ta daɗe a haka. Ta ɗago ta goge idon da bakin hijabi, ta ce ko yanar idonta ce, ta sake sunkuyawa.

"Ban ga komi ba, Ramla."

Na ce, "Eh."

Ta janye daga madubin. Hasken allon kwamfuta kaɗai ke ɗakin, ina ganin gefen fuskarta. Ta dubi baƙin labulen, ta dubi mayafina da ke kan kula, ta dubi guntun takardar alminiyom a kan tebur.

Ta ce, "Kin ce ba ya son haske."

Ta juyo ta dube ni.

"Shanyar da na yi ce ko?"

Ni da ake cewa ba na iya riƙe magana, na tsaya ina auna ta. In na ce eh, matar nan za ta koma Ƙofar Sauri ta zauna da wannan har ranar da za a ɗauke ta, ita kaɗai, don ba za ta gaya wa kowa ba, ba za ta ma yi kukan a gaban mutane ba. In kuma na ce mata na gani, ɗanta ya yi gaskiya, to na gaya mata abin da ta shanya ke nan. Ba yadda zan ba ta ɗaya in hana ta ɗayan.

Na ce, "A'a, Hajiya. Ba ke ba ce. Ai ga wanda kika ɓoye, shi ma babu komai. Dama haka aikin yake, wani lokaci a je har teku a dawo ba a samo ba."

Ta ce, "Tun can babu?"

"Tun can babu."

Na ji ta sauke numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta ce alhamdulillahi a hankali, sannan ta sunkuyar da kai kamar ta ji kunyar faɗin hakan. Ta shafa gefen teburin da tafin hannu.

"Ashe bai samo ba," in ji ta. "Da ya dawo na ji shi a zaure yana ce ma Ado wannan karon ya samo. Ina bayan ƙofa. Har na yi sadakar ƙosai." Ta jinjina kai. "Allah sarki. Duk ramar nan da ya yi."

Na juya na kama kashe na'urori don kada ta ga fuskata.

Ta ce, "Ki bar shi tsakaninmu. In Ado ya ji, dariya zai yi mashi."

Na ce to.

Na kunna wutar ɗakin, yanzu ba abin da za ta ɓata. Hajiya ta ɗauki langarta ta fara mayar da gilasan kan auduga ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowanne rubutun ya kalli sama. Da ta gama ta miƙo hannu wajen madubin, ta ce in ba wani amfani zai yi mani ba, in ba ta nata. Na ciro shi, da ɗumin fitila a jikinsa, na sa mata a hankicin.

Tana ƙullewa ta ce, "Muttaka ke nan. Tun yana yaro in ya sa abu a ransa ba ya jin magana."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta fita ta sa takalmanta, ta tsaya a baranda tana jira in kulle ƙofa.